Sai Bango Ya Tsage: Annobar Cikin Kwamfuta Da Hukuncin Masu Bin Ɓaraka

A ranar 13 ga watan Satumba na shekarar 2005 wata annoba ta ɓulla, wadda cikin 'yan kwanaki ta mamaye wasu manyan birane, musamman Ironforge da Orgrimmar. Tituna suka cika da ƙasusuwan matattu, kasuwanni suka watse, waɗanda suka tsira suka fantsama cikin daji suna gudun duk wanda ya doso su. Babu wata hukumar lafiya da ta kai gudummawa, domin kuwa biranen nan ba su cikin taswirar kowace ƙasa. Suna cikin wani wasan kwamfuta ne mai suna World of Warcraft, wanda kamfanin Blizzard na Amurka ya fito da shi a ƙarshen 2004.

Ga wanda bai saba da irin waɗannan wasanni ba, abin yana tafiya ne kamar haka. Kamfani yakan gina duniyar ƙirƙira a cikin manyan kwamfutocinsa, da birane da dazuzzuka da dodanni da kuɗin ciniki. Mutum yana zaune a ɗakinsa sai ya shiga ta intanet, ya tarar da dubban mutane irinsa, kowa yana sarrafa gwarzo guda da ke wakiltarsa. Ana biyan kuɗi wata-wata, kuma mutum yakan shafe watanni yana tara makamai da dukiya da daraja. Saboda haka in aka cuce shi a can, lokacinsa da kuɗinsa na gaske aka ci, ko da yake takobin da aka ƙwace masa na hoto ne.

A ranar da aka ambata, kamfanin ya buɗe wani sabon fagen fama mai suna Zul'Gurub, inda 'yan wasa 20 ke haɗa ƙarfi su yaƙi wani dodo da ake kira Hakkar. Cikin makaman dodon akwai wata cuta wadda ma'anar sunanta ita ce gurɓataccen jini. Wanda ta kama, takan zaftare masa kusan maki 300 na rai a kowane 'yan daƙiƙu, ta kuma tsallaka kan duk wanda ke tsaye kusa da shi. An tsara ta ne domin manyan gwaraza masu dubban maki, an kuma tsara ta ƙare a cikin fagen: ko dai ta saki mutum bayan ɗan lokaci, ko ya mutu ta mutu tare da shi.

Abin da masu tsarin suka manta shi ne dabbobi. Wasu 'yan wasan, irin su mafarauta, suna da dabbar rakiya wadda suke iya sallama su kuma sake kira. In aka sallami dabba tana ɗauke da cutar, sai cutar ta daskare a jikinta. Da an sake kiranta a tsakiyar kasuwa, sai ta ci gaba daga inda ta tsaya. Wannan kuskure na farko ke nan. Na biyu ya fi shi muni. A cikin birane akwai 'yan kasuwa da ma'aikatan banki da masu gadi waɗanda ba mutane ke sarrafa su ba, kwamfuta ce. Su ma cutar ta kama su, amma ba ta kashe su, sai suka zama tushen da take sake tofowa kullum. Ƙaramin gwarzo da ya zo ajiya a banki sai ya faɗi matacce kafin ya san abin da ya same shi.

Duk ɗalibin ilmin halittu zai gane wannan hoto. Dabbar rakiya ta yi aikin da ɓera ke yi wajen kawo zazzaɓin Lassa cikin gidaje. 'Yan kasuwar kwamfuta kuwa sun tsaya a matsayin Mary Mallon, wata mai dafa abinci a birnin New York wadda aka gano a 1907 cewa tana yaɗa zazzaɓin taifot alhali ita kanta lafiyarta lau. Wannan kamanni ne ya sa a 2007 Ran Balicer na Jami'ar Ben-Gurion ya yi rubutu kan lamarin a mujallar Epidemiology, haka kuma Eric Lofgren da Nina Fefferman suka yi nasu a mujallar Lancet ta cututtuka masu yaɗuwa. Abin da ya ja hankalinsu shi ne halin mutane. Wasu masu iya warkarwa sun ruga cikin birni don taimako, suka kamu, suka kuma tsawaita ran masu yaɗa cutar ba da nufi ba. Wasu sun tsaya a ƙofar gari suna gargaɗin matafiya. Wasu son ganin ƙwaf ne ya kai su, suka leƙa suka kwaso, wanda hali ne da lissafin masana yaɗuwar cututtuka bai cika sa shi cikin ƙididdiga ba. Sa'an nan ga waɗanda suka fahimci ɓarakar sarai, suka riƙa komawa wurin dodon da gangan suna shafa wa dabbobinsu cutar, su je su sake ta inda jama'a ta fi cunkoso, don kawai su yi dariya.

Kamfanin ya roƙi masu cutar su killace kansu. Roƙon bai yi aiki ba, domin mutum guda mai mugun nufi ya isa ya warware haƙurin mutum dubu. Aka yi ta kashe manyan kwamfutoci ana sake kunna su. Abin da ya kawo ƙarshen annobar shi ne facin da aka yi wa manhajar a ranar 8 ga Oktoba, wanda ya hana dabbobi ɗaukar cutar.

Laifin wa?

Tambayar da ta rage, wadda har yau masu gina wasanni ke fama da ita, ita ce: me ya kamata a yi wa ɗan wasan da ya ci moriyar kuskuren manhaja? Ba barawon da ya fasa ƙofa ake nufi ba. Ana nufin wanda ya tarar da bango a tsage ya shige. Wasu suna cewa duk abin da manhaja ta ƙyale, halal ne a cikin wasa, tun da ita ce dokar wannan duniya kamar yadda ƙarfin jan ƙasa yake doka a tamu. Kamfanoni kuwa suna kafa hujja da yarjejeniyar da kowa ke amincewa da ita kafin ya shiga, wadda galibi ta hana cin moriyar kuskure, ko da yake ba kasafai take fayyace mene ne kuskure ba. Hausawa sun riga sun raba wannan gardama da cewa in ɓera da sata, daddawa ma da wari. Sai dai karin maganar ba ta faɗi yadda za a yi da ɓeran ba.

Manomin dawa da gero ya san wata mai bin ɓaraka da ta fi kowane ɗan wasa ƙwarewa, watau wuta-wuta, ko ƙuduji. In ƙasa ta yi ƙarancin fosfaras, saiwar dawa takan fitar da wani sinadari cikin ƙasa. Kira ne take yi ga wasu ƙananan halittu dangin naman kaza, waɗanda ke manne wa saiwa su kawo mata fosfaras, ita kuma ta biya su da sukari. A 2005 ne masana a Japan suka tabbatar da wannan aiki na sinadarin, ko da yake tun 1966 aka fara tace irinsa daga saiwar auduga. Irin wuta-wuta, wanda ƙanƙantarsa kamar ƙura take, yana iya kwanciya cikin ƙasa shekara goma ko fiye, ba zai tsiro ba sai ya ji wannan kira. Da ya ji, ya san akwai saiwa kusa, sai ya tsiro ya kafa mata baki. Ba ta fasa komai ba. Saƙon da aka aika wa aboki ta saurara. Kuma tsiro guda yana iya zubar da iri fiye da 50,000.

Darasin farko da ke nan shi ne cewa duk tsarin da ya yi girma da sarƙaƙiya yana da ɓaraka, kuma in masu nema suka yi yawa, dole a same ta. Kamfani yana da masu gwaji ɗaruruwa. Ranar da ya saki wasa, miliyoyi ne za su taɓa kowane lungu. Darasi na biyu ya fito daga yadda aka yaƙi ciyawar. Tugewa da hannu tana da amfani, amma ba ta ƙare ta. Gebisa Ejeta, masani ɗan asalin Habasha a Jami'ar Purdue, wanda ya sami Kyautar Abinci ta Duniya a 2009, ya yi aiki da wani nau'in dawa mai lamba SRN39 wanda wuta-wuta ba ta cika kama shi ba. A 2017 shi da abokan aikinsa suka bayyana dalili: wata ƙwayar gado ta lalace a cikin nau'in, sai saiwarsa ta koma fitar da wani launin sinadarin wanda irin wuta-wuta ba ya amsawa sosai. An toshe kafar daga tushe. Wannan shi ne facin 8 ga Oktoba a gonar dawa.

Akwai abin lura a nan, ko da zai zama ɗan ratse. Abin da ya ceci wannan dawa kuskure ne a cikin rubutun gadonta. Haka yake a wasanni: ba kowace ɓaraka ce ɓarna ba. A wasan Starsiege: Tribes na 1998, 'yan wasa sun gano cewa in suka riƙa danna maɓallin tsalle a jere yayin gangara daga tudu, ƙasa ba ta riƙe ƙafarsu, sai su yi ta sulɓi da gudun da masu tsarin ba su taɓa nufa ba. Dabarar ta bazu, kowa ya koya, wasan ya ƙara armashi, kuma da aka zo fitar da na biyu a 2001 sai aka mai da ita sashen wasan. Haka 'yan wasan Quake na 1996 suka mai da harba roka a ƙarƙashin ƙafa hanyar hawa wuraren da tsalle ba ya kaiwa. Da an kori waɗanda suka fara, da an yi asarar abin da ya zama alamar wasannin. Bambancin wannan da sakin annoba a kasuwa a fili yake. Dabarar sulɓi a buɗe take ga kowa, tana bukatar gwaninta, ba ta kuma raba kowa da abin da ya tara.

Yadda waken soya ke hukunci

Wanda ya tuge gyaɗa ko wake zai ga ƙananan ƙullutu a jikin saiwa. A cikinsu akwai bakteriya da ke kamo naitirojin daga iska su ba shuka, ita kuma ta ciyar da su. Aikin kamo naitirojin yana cin ƙarfi ƙwarai, saboda haka bakteriyar da ta ci abinci ta ƙi aiki za ta fi 'yan'uwanta hayayyafa. Me ya hana masu ha'inci mamaye kowace gona? A 2003 Toby Kiers da Ford Denison da abokan aikinsu a Jami'ar Kalifoniya ta Davis suka gwada. Suka lulluɓe wasu ƙullutun waken soya da iskar da aka cire mata naitirojin aka maye gurbinsa da agon, watau suka tilasta wa bakteriyar ciki zama marasa amfani. Sai shukar ta rage iskar oksijin da take bari ta shiga waɗannan ƙullutu, hayayyafar bakteriyarsu ta ragu da kusan rabi. Sauran ƙullutun da ke aiki ba ta taɓa su ba.

Hukunci ne mai ban sha'awa. Ya faɗa kan wurin da aka yi laifin kaɗai, bai kashe ba, kuma abin da ya yi shi ne ya sa ha'inci ya daina biya. In aka auna hukunce-hukuncen kamfanonin wasa da wannan ma'auni, wasu za su ci jarrabawa, wasu za su faɗi.

Wanda ya faɗi warwas ya auku ne a watan Agusta na 1997, lokacin gwajin wasan Ultima Online. Richard Garriott, wanda ya ƙirƙiro wasan, ya shigo cikin siffar sarkinsa, Lord British, don ya yi wa jama'a jawabi. An tsara sarkin ba ya mutuwa, amma bayan an sake kunna kwamfutar sai aka manta ba a mayar masa da wannan kariya ba. Wani ɗan wasa ya kunna masa wutar tsafi, sarki ya faɗi matacce a gaban talakawansa. Cikin ruɗani, da yake ba a gane mai laifin nan take ba, ma'aikatan kamfanin suka saki aljanu kan taron, aka karkashe 'yan kallo. Daga baya an kori wanda ya yi kisan, kamfanin yana cewa ba don kisan ba ne, don ya saba cin moriyar kurakurai ne maimakon ya kai rahotonsu, alhali kai rahoto shi ne aikin mai gwaji. Dalilin korar yana da ƙarfi. Sakin aljanu kuwa daidai yake da garkuwar jiki da ta ruɗe ta koma cin naman mai ita.

Wanda ya fi kusa da hikimar waken soya shi ne abin da Blizzard ya yi a watan Mayu na 2013 a wasan Diablo III. A lokacin wasan yana da kasuwar gwanjo inda ake sayar da zinariyar wasa da kuɗin gaske. Wani sabon faci ya ɗaga yawan zinariyar da ake iya kasawa, sai lissafin ya zarce iyakar adadin da manhajar ke iya riƙewa, wanda ya ɗan haura biliyan biyu. Sakamakon haka, mutum yana iya kasa zinariya ya janye, a mayar masa da fiye da abin da ya kasa. Cikin sa'o'i farashin komai ya haukace. Hanya mafi sauƙi ita ce a mayar da duniyar wasan baya zuwa jiya, amma hakan zai shafe guminsu waɗanda ba su ji ba ba su gani ba. Kamfanin ya rufe kasuwar, ya bi littafin ciniki ɗaya bayan ɗaya, ya sanar cewa asusu 415 ne suka ci moriyar kuskuren. Ya kwashe zinariyar bogi, ya hukunta masu su, ya kuma ba da kuɗin da aka samu ta wannan hanya ga asibitocin yara. A 2014 ya rufe kasuwar gwanjon gaba ɗaya.

Tsakanin waɗannan biyu akwai shari'ar da har yanzu ake musu a kanta. A watan Fabrairu na 2010 wata ƙungiyar ƙwararrun 'yan World of Warcraft mai suna Ensidia ta riga kowa a duniya kashe babban dodon lokacin a yaƙin mutum 25. An tsara dandalin yaƙin ya riƙa rushewa daga gefe, amma wani bam da ɗaya daga cikinsu ke jefawa yana sake gina shi, abin da ya sauƙaƙa musu sashe mafi wuya. Kamfanin ya ƙwace lambar da ganimar, ya dakatar da su awa 72. Su kuma suka ce bam ɗin makami ne da suka saba jefawa a kowane yaƙi. Ƙwace lambar daidai ne ko da gaskiya suka faɗa, domin nasarar da aka samu a kan dandalin da bai rushe ba, ba ita ce nasarar da sauran ƙungiyoyi ke nema ba. Dakatarwar ce ke bukatar hujjar cewa sun sani.

A nan ne misalin shuka ya ƙare. Waken soya ba ya tambayar niyya, sakamako kawai yake gani. Mutane kuwa ba su yarda da hukuncin da bai bambanta mai tuntuɓe da mai ganganci ba. Sa'ar da aka yi ita ce kwamfuta tana rubuta komai. Wanda ya faɗa cikin ɓaraka sau ɗaya ya wuce, da wanda ya maimaita sau ɗari cikin dare guda, ya rarraba ribar cikin asusu daban-daban don ya ɓad da sawu, sawunsu ba iri ɗaya ba ne. Maimaitawa da ɓoyewa su ne shaidun niyya. Na farko a karɓe abin da ya samu a gode masa in ya kai rahoto, har ma a ba shi tukuici, domin ya yi aikin da kamfani ke biyan ma'aikata su yi. Na biyu ne ya cancanci dakatarwa, kora ta har abada kuwa a ajiye ta ga wanda ya cuci wasu da saninsa ko ya mai da ɓarakar sana'a. Kuma da zarar kamfani ya san da wata kafa wadda bai sami damar toshewa ba, wajibinsa ne ya yi shela cewa daga yau bin ta laifi ne. Hukunta mutum kan dokar da ba a faɗa masa ba zalunci ne, a wasa ko a wajen wasa.

Game da tabbatar da hujja, manoma suna da wata dabara da wani kamfani ya yi irinta. In aka shuka auduga ko waken soya a gonar da wuta-wuta ta addaba, saiwarsu takan yi kiran nan, irin ya tsiro, ya rasa inda zai kama, ya mutu. A watan Fabrairu na 2023 kamfanin Valve ya bayyana cewa ya dasa wani sashe na bayanai a cikin wasan Dota 2 wanda wasa na gaskiya ba ya taɓa karantawa, sai manhajar maguɗi kaɗai. Duk asusun da ya leƙa wurin ya tona kansa. Aka kori fiye da 40,000, ba tare da fargabar an haɗa da mai gaskiya ba.

Ɓangaren da aka fi sakaci da shi shi ne na wanda aka cuta. A ranar 6 ga Yuni na 2006, a wasan RuneScape na kamfanin Jagex da ke Kambirij a Ingila, wani ɗan wasa ya shirya walima a gidansa na cikin wasa. Cunkoso ya yi yawa, aka fitar da baƙi waje, sai waɗanda ke cikin fagen dambe na gidan suka tarar har yanzu suna iya dukan mutane a cikin gari, inda doka ta hana faɗa, kuma wanda aka doka ba ya iya ramawa. Wasunsu suka bi titunan birnin Falador suna kisa suna kwashe kayan da matattu suka zubar, ciki har da abubuwan da aka yi shekaru ana tarawa. An kori masu laifin har abada, wanda ba a jayayya a kansa. Amma ba a mayar wa waɗanda aka kashe kayansu ba, alhali bangon da ya tsage na kamfanin ne, su kuwa suna tsaye ne a wurin da aka yi musu alkawarin aminci.

Bayan shekara goma, a 2016, Jagex ya shirya bikin tunawa da kisan Falador a cikin wasan. Blizzard kuma tun a watan Oktoba na 2008 ya saki wata sabuwar annoba a biranen nan, wannan karon da gangan, don tallar sabon babin wasansa, ya kuma janye ta bayan kimanin mako guda ana ta ƙorafi. Lofgren da Fefferman, waɗanda suka yi nazarin ta farkon, suna cikin masanan da suka yi aikin lissafin yaɗuwar cutar korona a 2020.